Yadda Ake Gano Tarin Tsohuwar A-kori-kura Kafin Yaya Ya Sayar da Ita

Kana da tsohuwar a-kori-kura mai tafiya lafiya lau, sai can tsakiyar titi ta yi tari, ta fizga, salansa ta yi fat, sannan ta ci gaba kamar ba ita ba? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan biyar, na ba ka tabbaci ko ta warke ko kai ka saba. A wurin maƙwabcina na koye su, wanda muke ce wa Injiniya tun ranar da ya gyara fanka ɗaya. Motar marigayi babansu ce, kuma yayansa ya rantse in Asabar ta yi tana tari, masu sayen tsohon ƙarfe za su zo su ja ta.

1. Fara da wanka

Kullum da safe ka buɗe murfin inji, ka sa tiyo ka feshe ko'ina, har wayoyin fulogi. Injiniya bai taɓa fashi ba, don son da yake wa motar nan ya wuce misali. In ta yi tari bayan ka fita, tsufa ne, me ya haɗa tari da ruwa?

2. Kai ta gareji da rana tsaka

Lokacin komai ya bushe, za ta tashi sumul don ta kunyata ka. Bakanike zai zagaya da ita ya dawo ya ce, "Maigida, wallahi wannan ta fi ni lafiya." Kada ka karaya. Kwaikwayi tarin da bakinka, kana girgiza kafaɗa. Injiniya ya yi har mai facin taya ya miƙo masa ruwa.

3. Canza duk abin da sifana ta kama

Masu ilimi sun ce a riƙa canza abu ɗaya ana gwadawa. Matsorata ke nan. Cire fulogi, cire matatar mai, kwance kafireta a kan tabarma. In ka mayar ka ga ƙusa uku sun yi saura, kamfani ne ya sa su don ado. Da safe ka sake wanke injin, ai ka ɓata shi da baƙin mai.

4. Kada ka saurari mutanen gida

Mahaifiyarka za ta leƙo ta ce, "Ni kam, ɗan nan, na lura duk ranar da ka..." Tare ta da ladabi. "Inna, Allah ya ƙara girma, wannan harkar inji ce." Sau uku Injiniya yana yin haka.

5. Ranar Asabar, nemi tiyo ka rasa

Injiniya ya birkice gidan kaf, babu tiyo, ga Yaya a ƙofa yana kaɗa makulli. Haka suka fita da injin a bushe. Suka hau gada, suka sauka, suka faɗa ramuka. Ko tari ɗaya!

Suna dawowa suka tarar da Inna a bakin ƙofa da mayafinta.

"Ni na ɓoye tiyon," ta ce. "Wayoyin nan sun tsattsage, ruwa ke shiga. Shekara ashirin babanku da tsumma yake goge injin nan, ni ke wanke masa tsumman."

Yaya ya miƙa wa ƙanensa makullin. Inna ta buɗe ƙofar gaba ta zauna a inda ta saba zama.

"To, ja mu je. Tun da babanku ya rasu ban shiga ba."

Injiniya ya yi kuka, da idona na gani.

Gargaɗi: ni dai faɗa na yi. In ƙusoshinka sun fi uku, ko ka yi hawaye a gaban yayanka, babu ruwana. Kada kuma ka zo aron tiyo, har yau yana ƙarƙashin gadon Inna.