Maigadin da Kyanwa Ta Kora

A shekarun tamanin ina zaune ni kaɗai a unguwar Ulaisha ta birnin Riyad, muryar iyali sai a kaset. Da Baturen ofishinmu zai bar Riyad, ya ce in zaɓi ɗaya cikin karnukansa: ƙato kamar maraƙi, ko ɗan mitsitsi. Na ɗauki ƙaramin, don in samu mai tarbata in na dawo.

Maƙwabcina Malam Sani, ɗalibin fiƙihu, ya ce, "Injiniya, karen gadi kaɗai aka halatta."

Na ce, "Ai na gadi ne, Malam. Jarumi ne."

Ban rufe baki ba wata kyanwar bola ta taso wa karen. Jarumin ya shige jallabiyata yana makyarkyata, ga la'asar ta yi, dole na canja riga kafin salla.

Har yau in mun haɗu da Malam Sani, kafin ya tambayi iyali sai ya ce, "Ya maigadi?"