Rasuwar Gogo, Mako Ɗaya Kafin Ranar Buɗe Ƙofa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Velaphi Mlotshwa, sakataren yaɗa labarai na Ƙungiyar Masu Ƙananan Jiragen Ƙasa ta unguwar Raylton, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki da dukan mutanen Bulawayo rasuwar Gogo, ɗan ƙaramin kan jirginmu mai hayaƙi. Ta cika ranar Asabar da ta wuce, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a bakin tashar motocin Egodini, tana bakin aikinta. Shekarunta talatin da huɗu.

Marigayiyar baƙa ce, tsawonta bai wuce daga gwiwar hannuna zuwa yatsu ba. An ƙera ta da siffar manyan jiragen da suke jan kwal daga Hwange a zamanin da nake aikin ba jirage hannu a layin dogo. Mun sa mata Gogo ne, wato kaka a harshenmu, saboda tafiyarta irin ta kaka ce, ba gaggawa, ba kuma tsayawa.

Sau biyu a shekara ƙungiyarmu takan buɗe ƙofar ɗakinta, jama'a su shigo su ga jirage suna ratsa duwatsu da tashoshin da muka gina da hannunmu. Kiran jama'ar kuwa ni aka ɗora wa. Shekarun farko takardu nake liƙawa a jikin turakun lantarki. Ruwa ya wanke wasu, masu tallar maganin dawo da miji suka liƙa nasu a kan sauran. Sai wata rana na kafa dogo mai zagaye a kan faifan katako, na ɗora a amalanke da batirin mota, na aza Gogo, na tura ta cikin gari. Ɗigo ɗaya na mai a bututunta, hayaƙi ya tashi. Caka-caka, caka-caka, sannan ta saki usur ɗinta siriri, fiiiit! Kafin ta yi zagaye uku jama'a sun rufe mu. Ba ni nake miƙa takardar gayyata ba, daga hannuna ake fizga.

Shekara goma sha tara muna haka. Ta je Makokoba, ta je Mpopoma, ta je Luveve a ranar da zafi ya narkar da kwalta. Ba ta taɓa zaɓen unguwa ba. Yara sun cika mata taragu da gugguru, ta ja ba ƙorafi. Sau ɗaya tak ta sauka daga kan dogo, shi ma wani mashayi ne ya ajiye hularsa a gabanta wai yana son ya ga haɗari. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakinmu, in ka bi diddigi, ita ta kawo shi.

Ciwon ajalinta ya fara ne wata biyu da suka wuce. Ta riƙa tari duk inda dogo ya yi kwana, tana ɗan tsayawa kafin ta wuce. Usur ɗin ya dushe. Na ji ƙauri, na ce wa kaina ƙura ce. Gaskiya na san ba ƙura ba ce, amma ranar buɗe ƙofa ta matso, ba ni da wata sai ita, na ci gaba da fitar da ita cikin rana. Wannan laifin nawa ne, na kuma ɗauka a gaban kowa.

Ranar Asabar ɗin mutane sun kai hamsin a kanmu. Wata mata mai goyo tana cikin tambayata ranar da za a buɗe, sai na ji caka, caka, ca. Wani hayaƙi ya fito, ba ta bututu ba, ta ƙarƙashinta. Ta tsaya. Na taɓa ta, zafi kamar dutsen guga. Kafin in ɗago kai taron ya watse, matar ma ta tafi ba ta ji amsa ba.

Da gudu na tura amalanken zuwa shagon Clive Petersen, mai gyaran agogo, wanda shi ne likitan jiragenmu. Ya buɗe ta, ya daɗe yana dubawa da madubin idonsa.

“Bhudi, ɗan uwana, nemi kujera tukuna,” in ji shi.

“Clive, kar ka faɗa. Mako ɗaya kawai nake roƙo.”

“Ko minti ɗaya babu. Abin da yake juya ƙafafunta ya ƙone ƙurmus, masu yin irinsa kuwa sun daina tun kafin in yi furfura.”

Ya kamata masu karatu su san abin da ya sa rashin nan ya fi ƙarfin kuka. Ɗakin da muke ciki aro ne. Kwamitin da yake kula da zauren unguwa, wanda ya ba mu aron, ya rubuto mana cewa mutanen da suke zuwa sun yi kaɗan, kuma akwai mai son wurin ya zuba ƙarafan motsa jiki. Sun ce in ba su ga sunan mutum ɗari uku a littafin baƙinmu na wannan karon ba, mu kwashe kayanmu ƙarshen wata. Kayan kuwa ba sa kwasuwa. Shekara ashirin da shida muna gini, duwatsun da ramukan a manne suke da bango, ba abin da zai fita ta ƙofar nan sai da zarto. Shugabanmu Baba Sibindi, tsohon direban jirgi ɗan shekara tamanin da uku, shekara huɗu ya yi yana harhaɗa gadar da take tsakiyar ɗakin. Da aka karanta masa wasiƙar, abin da ya ce kawai shi ne, “In zarto zai shigo, ku fara fitar da ni.”

Na nemi aron jirgi wurin 'yan ƙungiya. Mista Naran, mai jirage bakwai, ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa.

“Nawa? A Egodini? Cikin ƙurar nan? Velaphi, ko matata ba ta taɓa su.”

Ranar Litinin na fita da takardu kawai. Awa uku ina tsaye, mutum huɗu suka karɓa, ɗaya ma gyaɗa ta ƙunshe a ciki a gabana. Ranar Talata na koma da gawar marigayiyar, ina tura ta da yatsa, ina yin kukanta da bakina. Ni, mai jikoki shida. Wani ɗan kamasho ya leƙo daga ƙofar kombi, motar haya.

“Mdala, tsoho, yau kai ne injin? To ina hayaƙin? Ko sai mun saya maka taba?”

Tasha ta kwashe da dariya. Ba wanda ya karɓi takarda.

Na koma gida na kasa cin tuwon rana. Matata MaNyathi ta zauna tana kallona har miya ta huce.

“Baban Busi, shekara nawa ka yi a garin nan? Ka ce mutane su zo kallon wasan tsofaffi, kowa yana da uzuri. Amma wa ka taɓa gani ya ƙi zuwa jana'iza? Tashi ka rubuta, ni zan dafa shayin.”

Marigayiyar ta bar taragu tara, da taragon mai gadi wanda ƙofarsa ta ɓalle tun bara, da faifan katako, da batirin da bai san abin da ya faru ba. Ta bar 'yan uwa arba'in da ɗaya a ɗakin ƙungiya, dukansu lafiyayyu, ba wanda ya taɓa ganin rana. Ta kuma bar tsofaffi goma sha ɗaya waɗanda ba su da wurin zuwa ranar Laraba, ranar haɗuwarmu, in ba ɗakin nan ba.

Za a yi jana'izarta ranar Asabar mai zuwa, wato ranar buɗe ƙofa, a ɗakin ƙungiya, bayan zauren unguwa, ƙofa mai koren fenti. Za a buɗe ƙarfe tara na safe, ba za a rufe ba sai mai ta'aziyya na ƙarshe ya fita. Gawar za ta kasance a babbar tashar da muka gina a cikin ɗakin don masu son ganawa da ita. Ƙarfe goma sha biyu dukan jirage za su tsaya minti ɗaya, sannan Baba Sibindi zai tura ta da hannunsa ta haye gada. Shiga kyauta ne. Akwai shayi da burodi, MaNyathi ta yi alkawarin madara.

Littafin ta'aziyya yana bakin ƙofa. Ba zan yi muku ƙarya a kan gawa ba, shi ne littafin da za mu kai wa kwamiti. Don Allah kowa ya rubuta sunansa yadda zai karantu, layi ɗaya mutum ɗaya, jarirai ma a rubuta musu. Ko ba ka san marigayiyar ba ka zo, ka taho da maƙwabcinka ko da ba kwa ga maciji.

In kuwa akwai wanda kakansa ya bar irin wannan jirgin a cikin tsohon akwati, ko karyayye ne, ina roƙonsa ya kai shi shagon Petersen kafin yammacin Juma'a. In an dace, za mu fasa jana'izar. Amma ku dai ku zo, shayin yana nan.