Yadda Kamfaninku Ya Aura Mini Surukata

Zuwa ga Mai Girma Mudir,
Shugaban Sashen Rangwamen Iyalan Sojoji,
Kamfanin Jiragen Sama na Tauraron Hamada,
Reshen Dira, Riyad.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta talaka ga mai kujera mai juyawa, da fatan sanyin ofishinka bai ragu ba, na zo godiya. Na haura saba'in, na yi tuƙi a garin nan har idanuna suka ce sun gaji, na ɗauka na gama da sha'anin aure. Sai ga kamfaninku ya yi mini amarya, ba lefe, ba sadaki, ba shawara.

Bari in faro daga tushe. Ɗana Harouna soja ne a Nijar, yana bakin daga a Diffa. Bana ya samu hutu, na farko tun da aka tura shi can. Ya yi niyyar ya zo mana da matarsa Balkissa da jaririnsu Musbahu, wanda kakarsa, matata Delou, ba ta taɓa gani ba sai a waya. Ƙafafun Delou sun daina hawa matakala, balle jirgi. In ba a kawo mata yaron ba, ba za ta gan shi ba. Albashin soja kuwa ba ya ɗaukar mutum uku sai da rangwamen nan da kuka lilliƙa a bango, da hoton soja yana dariya. Ga ƙorafina, a gafarce ni.

Na ɗaya. Ma'aikacinku Shakir, mutum mai ladabi da turare, ya ce in kawo takardar aure. Na ce a Damagaram aka ɗaura shi, liman ya yi fatiha, unguwa ta shaida, an raba goro da dabino. Ya ce goro ba ya shiga kwamfuta. Na yarda, ban taɓa ganin ya shiga ba.

Na biyu. Ya ce ba mushkila, akwai gurbin waɗanda ke zaman tare ba aure, babban ofishinku na Turai ya amince da su, in dai adireshinsu ɗaya. Ranka ya daɗe, a tsakiyar Riyad aka faɗa mini wannan, ana kiran la'asar. Na haɗiye. Amma ko na yarda a kira surukata da wannan suna, wane adireshi? Shi yana rami cikin yashi, ita tana gidan mijinta a Damagaram. Ko kuna so ta koma ramin don a samu takardar wuta mai sunansu biyu? Wato da ɗana ya zauna a gida da macen da bai aura ba, da ya cancanta. Laifinsa biyu: ya yi aure, kuma ya tafi aiki.

Na uku, kuma nan ne gindin maganar. Shakir ya ji tausayina, ya ce in kawo hoton ɗaurin aure a madadin takarda. Na kawo. Ya juya shi sama da ƙasa, ya ce, "Ya hajji, wacce ce amaryar?" Na ce tana cikin gida mana, me zai kawo amarya wurin ɗaurin aure? Ya ce to angon fa? Na ce yana bariki a Agadas, ba a ba shi izini ba. Ya dubi dattawa jere kan tabarma, ya ce to waɗannan wa suke aura? Na yi masa bayani a hankali, yadda ake yi wa wanda bai sani ba: waliyyin yarinya yana bayarwa, wakilin ango yana karɓa. Ƙanena da ya kamata ya karɓa ya rasu, shi ya sa ni na zauna. Ya ce, "Kai ka ce ka karɓa?" Na ce da bakina, gaban jama'a. Ya yi murmushi, ya danna, ya ce mabruk.

Tun ranar, a kwamfutarku, Balkissa matata ce. Yarinyar da ba ta taɓa kiran sunana ba, wadda in na shigo tsakar gida take durƙusawa ta juya fuska. Kuma tun da ni ba soja ba ne, ba ta cancanci rangwame ba. Delou ta yi dariya har ta yi tari. Yanzu in ta kawo tuwo cewa take, "Ango, a ci da zafi." Da ta gama tsokanar sai ta ɗauki waya ta kalli hoton yaron.

Na huɗu. Kun amince Musbahu ɗan soja ne, kun ba shi rangwamensa. Madalla. Yaro yana shan nono. A cikin masu raba shayi a jirginku, wa kuka tanada?

Na biyar. Da na koma, Shakir ya ce gyara sai babban ofishi, amma akwai gajeriyar hanya: in rubuta takardar saki, kwamfuta ta sake ta, Harouna ya aure ta da takarda. Ranka ya daɗe, ofishinku jifa ɗaya ne da masallaci. Ku aika a tambayo ko da ladani ne: matar da uba ya aura ya saka, tana halatta ga ɗansa? Har abada ba ta halatta. Wato in sa hannu in raba ɗana da matarsa da takardar da ku za ku buga wa hatimi, don a rage masa kuɗin kujera. Abokan gaba suna ta harbinsa a Diffa ba su raba shi da iyalinsa ba, ku kun kusa yi da yatsa ɗaya.

Hutun Harouna zai ƙare bayan Babbar Sallah, kuma ba a san ranar wani ba. Don haka ga roƙona. In za ku iya mayar wa ɗana matarsa, Allah ya saka. In kuwa kwamfutarku ba ta warware abin da ta ƙulla, to wadda ta mai da ni ango ban sani ba, mai da ni soja ba zai gagare ta ba. Ku danna mini kofur. Ba na neman bindiga, ba na neman fansho. Matar kofur Tamimu ta samu rangwamenta, ta hau jirgi ta zauna kusa da mijinta na gaskiya, Delou ta goya jikanta.

Ina sara maka tun yanzu, da hannun da ya rage yana ɗaguwa.

Naka mai biyayya, mai jiran muƙami,
Alhaji Tamimu Inuwa,
Tsohon direba, Gubaira, Riyad.
Zulƙida, 1437.