Ranar da Bes Ɗina Ya Daina Gurnani

"Lafiya lau na tashi, moko, har sai da na ga fuskarka. Wa ya mutu?"

"Bes ɗina, Nana."

"Allah ya ji ƙan kunnuwan unguwa, sun huta."

Haka Nana Ripeka, kakata, mai kirana moko, wato jika a yarenmu, ta tare ni a kicin da safiyar Juma'a, tana juya katuwar tukunyar tumatir da albasa, irin wanda take ɗurawa a kwalabe duk ƙarshen bazara. Ni kuwa, Kereama, gardi mai gemu har ƙirji, a garejinta nake kwana a unguwar Aranui ta birnin Christchurch, ina haɗa kiɗan dram-an-bes, na ganguna da bes, wato sautin nan mai kauri da ke gurnani daga ƙasa. A Christchurch ko direban bas ya san kiɗan nan, amma ko maƙwabcinmu bai san sunana ba.

Ranar ce ranar ƙarshe ta tura wa Dougal waƙa, mai zaɓen waɗanda za su hau dandamali a bikin kiɗa na lokacin kaka. Na riga na yi wa kaina alkawari a gaban dangi: in bai ɗauke ni ba, zan bi ɗan kawuna Anaru zuwa haƙar ma'adinai a yammacin Ostiraliya. Kuma ga shi na kunna waƙar da safe, na ji gurnanin da na yi wata da watanni ina taƙama da shi ya ɓace ɓat. Tsoro ya kama ni sosai.

"Jiya kamar zaki, Nana. Yau kamar saniya mai mura."

"To ai ya koma kama da mai shi."

"Ke da ba ki jin ƙararrawar ƙofa, ina kika san sauti?"

"Ba na ji? Ni da haƙoran robana ke yawo cikin kofi duk lokacin da ka kunna abin nan? Rannan a bakin taga na kamo su, saura kaɗan su tsallaka gidan maƙwabciyarmu Misis Faleafa."

"Gudu suke yi daga bakinki, sun gaji da aiki."

Ta ɗaga ludayi ta nuna ni. "Zo nan, uban gwanaye. Wai me kake yi wa sautin ne da har yake mutuwa?"

Na gyara tsayuwa, don ba kullum ake tambayata ba. "Sauti biyu nake ɗauka masu kama da juna, in ɗan saɓa musu su riƙa gogayya. Sai in ƙona su, in tace, in naɗa, in sake ƙonawa. Can ƙasan kuwa ba a taɓa shi, tsaf ake barinsa ya daki ƙirji. Saman ne ake yayyagawa."

"Au! Ni in na ƙona abu ku ce tsufa ne, kai in ka ƙona ka ce sana'a?"

"Nawa da gangan ne."

"Nawa ma da gangan ne, don ka rage ci."

"Nana, wasa kike yi, ni rayuwata ce a kan layi. Na buɗe komai na duba. Ban taɓa ko maɓalli ɗaya ba tun jiya."

"Ka tambayi kwamfutar taka mana. Ba ita ce matarka ba? Wataƙila yaji ta yi."

"Aƙalla ita ba ta minshari."

"Ni nake minshari? Yaro, ni da kakanka ya ce barcina kamar na jaririya!"

"Shi ya sa ya ƙaura jirgin kamun kifi."

Ta tuntsire da dariya har da riƙe ƙugu, sannan ta koma kan tukunyarta. "Ni dai yau na ceci bayin Allah. Da sassafe, kana can kana sheƙa barci baki buɗe, na shiga na kwashe kwalabena daga kan kantar da ke bayan sifikunka. Tun da ka tare suke karkarwa, zzzz, zzzz, murafunsu na kaɗawa kamar masu zazzaɓi."

Na juya a hankali na kalli tebur. Ga su nan jere, wankakku, suna sheƙi, murafun ƙarfen a gefe cikin kwano.

"Nana... yaya kika ce suke yi?"

"Zzzz. Kai ma kurma ne?"

Kai, jama'a! Na zauna a kan kujera. Wannan zzzz ɗin shi ne gurnanin. Shi ne abin da na tara abokai a gareji suka riƙa dafe kai suna tambayar sirrinsa, ni kuma ina shafa gemu ina cewa aiki ne na shekaru. Duk sanda na sa hedifon na ji waƙar salam, sai in ce hedifon ɗin ne na banza, har na ba wa wani kyauta. Ashe abin da ke cikin kwamfutata bai fi kukan sauro ba.

Nana ta dube ni, ta dubi kwalaben, sai ta ajiye ludayi tana murmushi. Ba na son irin wannan murmushin nata.

"Moko. Kana nufin kwalabena ne mawaƙan?"

"Ban ce ba."

"Kai kuma ɗan rakiya?"

"Ni na ba su umarni ai!"

"Wayyo cikina! Bari in kira Anaru. Bari in kira har limamin coci. Jikana ya je makarantar koyon sauti, kwalbar tumatir ta fi shi maki!"

"Ki yi dariyarki ki gama, tsohuwa. Ni dai ara mini su za ki yi. In mayar da su kan kanta, in sa makirufo in naɗi karkarwar, in ɗora ta a kan bes ɗin. Kafin yamma na gama."

"Kafin yamma? Ka ga tukunyar nan? Da zafinta ake ɗurawa, in ta huce shi ke nan, sai dai a ci a mako guda ko a zubar. Tumatirin da na yi bazara guda ina kora wa tsuntsaye!"

"Zan cinye shi ni kaɗai."

"Wannan kam na yarda, shi ne kaɗai aikin da ka taɓa gamawa."

"Zan sa sunanki a waƙar."

"A gaba ko a baya?"

"A baya mana."

"To je ka naɗi karkarwar haƙoranka."

"A gaba! Ripeka da ɗan rakiyarta. Kin ji daɗi?"

Ta tsaya tana kallon tukunyar tana tafasa, ni kuma na san ba ƙaramin abu na roƙa ba. Kunya ta rufe ni. Har na buɗe baki zan ce ta bar shi kawai, ma'adinai ma aiki ne, sai na ji ƙas, ta kashe murhu.

"Kwashi, kafin hankalina ya dawo."

"Nana, tumatirinki fa?"

"Baɗi ma ana shuka tumatir. Kai kuwa in ka tafi haƙar ramin nan, wa zan riƙa zagi da safe? Kyanwa ba ta ramawa."

Na yi dariya. Tun da na yi alkawarin nan ba ta taɓa cewa kada in tafi ba sai yau. Na ɗauki kwalabe cike da hannu, ita ta biyo ni da kwanon murafu tana mita wai tafiyata irin ta agwagwa ce.

Muka jera su a kan kanta. Na kifa mata bokiti ta zauna, na danƙa mata makirufo, na kunna waƙar a hankali don tausayin kunnenta. Ta saurara, ta karkata kai wajen kwalaben, sannan ta harare ni.

"Ƙara ƙarfi, ragon banza! Mawaƙana ba su fara ba."