Yadda Za Ka Ɗora wa Talabijin Laifin Idonka

Ina tabbatar maka, ɗan'uwa, in ka bi matakan nan ba ragi ba ƙari, babu mahalukin da zai gane idonka ya fara gani dishi-dishi. Matarka ba za ta gane ba, balle 'yan majalisarku da ka daɗe kana kiran masu tabarau a cikinsu "ido huɗu". Na gwada hanyar a kan Malam Ndakotsu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ke zaune a Maikunkele, wanda ya rantse a bainar jama'a cewa tabarau ba zai hau hancinsa ba, tunda mahaifinsa har ya koma ga Allah da kansa yake zura zare a allura. Ta rufa masa asiri tsaf, sai da ya yi wa kansa.

Mataki na ɗaya: Naɗa kanka mai bincike

Ranar da ka kasa karanta rubutun da ke wucewa a ƙasan labarai, kada ka murza ido. Murza ido tonon asiri ne. Gyara zama, ka yi tsaki, ka ce, "Allon nan yana da matsala, zan bincika."

Sai ka haddace abu biyu. Na farko, hoton da ke allo ɗigo-ɗigon haske ne, ja da kore da shuɗi, ido ne ke haɗa su. Na biyu, allo yana ƙiftawa wajen sau sittin kafin ka ce kwabo, ido ba ya kamawa. Duka gaskiya ne, kuma ƙarya ba ta zama daram sai an kafa ta a kan gaskiya. Faɗi su kullum bayan tuwo, har 'yan gidan su gaji su bar ka.

Mataki na biyu: Matso da kujera

Kada ka matso gaba ɗaya, kai ba yaro ba ne. Kwance igiyar shanya, ka auna daga hancinka zuwa talabijin, ka girgiza kai, ka ja kujera kaɗan. Da matar Ndakotsu, Hajiya Sharifa, ta ce, "Malam, yau kuma cikin akwatin za ka shiga?" cewa ya yi, "Hajiya, masana sun ce kowane allo da tazararsa. Ita nake nema." Ta tambayi inda za ta shanya zannuwanta. Ya ci gaba da awonsa, domin mai bincike ba ya shiga harkar wanki.

Mataki na uku: Sa jama'a su karanta maka

Nan ne gwaninta take. Bincike yana buƙatar idanun mutane da yawa, saboda haka duk wanda ya yi sallama ka tsayar da shi: "Tsaya nan. Ci nawa ne a ƙwallon can? Karanta da ƙarfi." In ya faɗa, ka ce, "Daidai. Idonka da sauransa." Ka ji sakamako, ka kuma yi wa bawan Allah gwajin ido kyauta. Ndakotsu ya kai matsayin da maƙwabta ke turo masa tsofaffinsu, har ya shawarci mutum biyu su je asibiti a yanka musu tabarau.

In an ɗauke wuta, ka yi hamdala. Ranar kowa ya zama daidai da kai.

Mataki na huɗu: Kare ledar da ranka

Ka san al'adarmu: talabijin ba ta rabuwa da ledar da ta zo da ita daga kanti, don ta ci gaba da zama sabuwa har ta mutu. To wannan leda ita ce lauyarka. Ta yi ƙura, ta yi kumfa a gefe, duk hazon da kake gani ita za ka nuna.

Hatsarin shi ne mai gyara. Hajiya Sharifa ta gaji da ƙorafi, ta kira Ebenezer, mai gyaran talabijin ɗan kudancin Kaduna. Ya kunna, ya duba gaba da baya, ya ce, "Baba, wannan talabijin lafiya lau. Leda ne kawai ya dame shi." Kafin Ndakotsu ya miƙe, fiit, ya ɓare ta. Hoto ya fito tar. Yara suka yi ihu, Hajiya ta ce ashe mai karanta labarai yana da gashin baki.

Ndakotsu kuwa hazonsa na nan inda yake. Wallahi na tausaya masa. Amma ɗalibi ne na ƙwarai: ya dubi Ebenezer ya ce, "Ka cuce ni. Ledar ce ke tace shuɗin haske. Yanzu ya fito tsirara, kowa a gidan nan idonsa na cikin hatsari." Da yamma aka nemo ledar burodi aka manna.

Mataki na biyar: Shigo da zakara

In an fara yi maka kallon tuhuma, faɗaɗa binciken. An ce idon kaza ya fi na mutum saurin kama ƙiftawar haske. Ɗauko zakaran gidan, ka ɗora shi a kan tebur yana fuskantar allo. In ya kalla, allon na ƙiftawa. In ya juya baya, ƙiftawar ta yi masa yawa. Ko ta ina kai ke da gaskiya.

Sai dai ka shimfiɗa buhu. Ndakotsu bai shimfiɗa ba, kuma bai ga abin da zakara ya bari a kan tebur ba sai da ya dafa.

Mataki na shida: Kada ka karɓi kiran bidiyo a gaban mutane

Kai, wannan shi ne ramin! Ka ce waya tana da zafi, ka ce sabis babu, ka shiga banɗaki. Komai ka yi, kada ka karɓa.

Nana Aisha, 'yar Ndakotsu da ke aure a Legas, ta haihu, jikansa na fari. Ta kira da hantsi, falo cike da 'yan barka. Aka miƙa masa waya. Garin karɓa babban yatsansa ya taɓa allo, hotuna suka yi musanye: fuskarsa ta cika wayar, jariri ya koma ɗan lungu.

"Baba, ga shi nan. Da wa ya yi kama?"

Ndakotsu ya ƙura ido, ya ga wani abu mai faɗi yana motsi. Ya washe baki. "Tubarkalla! Ni sak! Har goshin. Amma Nana, yaron nan bai yi girma da yawa ba? Kuma wa ya sa masa hula tun yanzu?"

Ga inda gwani zai ce allon wayar ne, ya nemi igiyar shanya. Hajiya Sharifa ta sa yatsa a hankali ta maido hoton jaririn. Daga can Nana Aisha ta ce, "Baba, yanzu fa? Kana ganinsa?"

Ya kawo wayar har ta taɓa hancinsa. Ya nisanta ta. Ya sake kawo ta. Sannan mutumin da na ɓata lokacina ina koyarwa ya juya, a gaban maƙwabta, ya ce, "Hajiya, faɗa min yadda yake. Idonsa a buɗe ne?"

Kada ka zama Ndakotsu. Ka daure, jariri ai duk kamarsu ɗaya.

Tsame hannu

Mai wannan rubutu ba likita ba ne, ba mai gyara ba ne, kuma bai san ka ba. Ƙaton ƙulun da za ka yi a goshi, da gaisuwar da za ka yi wa turken wuta, da kashin zakara, duk naka ne. In kuma hanyar ta yi maka aiki har jikanka ya yi wayo ba ka san fuskarsa ba, kada ka zo ƙofata da ƙorafi. Ko ka zo ma, ba za ka gane gidan ba.