Indararon Sarkin Pawa

A Tungar Marke akwai wani magini, Nomau. Hannunsa na da kyau, kansa ne dai sai a hankali. Abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Matarsa Tasalla ke riƙe da hankalin gidan, kullum da safe ta gutsuro masa na yini.

Wata rana Barau mai tireda ya ce a gina masa ɗaki, ƙofa na kallon gabas. Tasalla kuwa ta riga ta ja wa mijinta kunne, ta ce magini da hannu yake aiki, ba da baki ba. Nomau ya san daga gabas ruwan damina ke bugowa, amma ya tsuke baki ya gina. Ruwan farko ya shiga ya narkar da buhun sukari. Barau ya zo yana kumfar baki, wai me ya hana a faɗa masa? Nomau ya ce, "Ai ni da hannu nake aiki."

Tasalla ta dafe kai. Ta ce daga yau in ya ga kuskure ya yi ta faɗa har sai an ji.

Wata rana Malam Jatau ya so rumbu a cikin kwari. Nomau ya ce ruwa zai ci gindinsa, Jatau bai kula ba. Nomau ya bi shi kasuwa ya faɗa, ya tare shi ƙofar masallaci ya faɗa, ranar sunan jikansa ma, ana shafa fatiha ya miƙe ya faɗa. Jatau ya ji kam, ya kuma ɗauko magini daga wani gari.

Aiki ya ɗauke, saura zauren Sarkin Pawa kaɗai. Tsoro ya kama Tasalla, don in wannan ya kuɓuce sai leburanci a birni, irin Nomau kuwa birni cinye shi zai yi. Ta ce, "Ka faɗa sau ɗaya. In bai gane ba, ka nuna masa."

Wata rana Sarkin Pawa ya ce a kafa indararo daidai saman ƙofar zauren, don masu wucewa su ga sabo ne na ƙarfe. Nomau ya faɗa sau ɗaya, aka daka masa tsawa, ya kafa. Ran Juma'a Sarkin Pawa ya fito cikin farar babbar riga, ya tsaya a ƙofa yana gaisawa da jama'a. Nomau ya hau soro da tulu cike, ya juye. Ruwa ya biyo indararo ya jiƙa Sarkin Pawa, tun daga hula har takalmi.

Nomau ya leƙo ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan fa tulu ɗaya ne. Damina ta fi haka."

Sarkin Pawa ya share fuska, ya daɗe yana kallon indararon, sannan ya ce a mayar da shi gefe.

Tun daga ranar, in Nomau ya ce wuri bai yi ba, babu mai musu. Kowa dai sai ya fara duba ko ya zo da tulu.