Ni da Gorar Baba Tanko

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da yashi ya haɗiye ni har ƙugu a gaban ogana. Lokacin wata uku ke nan da fara aikin injiniya, ina ji da kaina ba kaɗan ba. Aka tura mu wata gada kusa da Kurmin Kogi, mu zaɓi na'urar da za ta riƙa nuna ko ruwa na cin gindinta. Gadar kaɗai motocin tumatir ke bi, in ta rufta, amfanin mutane a gona zai ruɓe.

Ni tun daga ofis na gama zaɓina: kyamara mai sola, ta riƙa turo mana hoto a waya. Oga kuwa sandar ƙarfe yake so a kafa, mai zoben da ke zamewa ƙasa duk sanda ruwa ya kwashe abin da ke ƙarƙashinsa. (A raina na ce tsufa ne kawai.)

Sanda muka isa, damina ta wuce, ruwa ya janye. Wani dattijo mai lambu a bakin rafin, Baba Tanko, ya zo riƙe da doguwar gora duk an tsattsaga mata alamu da wuƙa. Muka gaisa, oga ya yi masa bayani.

"Yaro," in ji shi, "hoto ba zai gaya maka gaskiya ba. Ruwa kan haƙa rami a gindin ginshiƙin nan, in zai tafi sai ya rufe shi da yashi."

"Baba, ai ga wurin nan sumul," na ce, har da murmushi. Don in nuna masa, na gyara hulata, na taka.

Taku na uku ƙasa ta zame. Na nutse, hannu ɗaya a sama ina ceton waya. Wallahi ji na yi gara yashin ya ƙarasa da ni.

Baba Tanko bai yi dariya ba. Ya miƙo gorar ya jawo ni, sannan ya soka ta inda na fito, ya duba alamunsa.

"Bara ramin a gwiwa ya tsaya," ya ce wa oga. "Bana kun ga inda ya kai wa yaronku. A zuba dutse kafin ruwa ya dawo."

Ashe duk shekara yana aunawa, ba wanda ya sa shi. Aka zuba dutsen, aka kafa sandar oga, gada na nan daram. Yanzu duk gadar da na je, sai na nemi mai gora na gaishe shi kafin in buɗe baki. Takalmina ɗaya kuwa yana can gindin ginshiƙi, shi ne gudunmawata.